Kwana Huɗu a Mashaya Ɗaya

A Tudun Wada ta Gusau ba wanda bai san Gideon mai hoto ba. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo mahaifinsa daga kudancin Kaduna, shi kuwa a nan aka yanke masa cibiya. Ya fi shekara ashirin yana ɗaukar amare da 'yan makaranta da mawaƙan coci, har ta kai in ya ce "a ɗan matso", da liman da fasto duk matsowa suke yi. Amma ran Litinin, da yake ba biki, sai ya rataya kyamara ya hau babur, ya shiga daji neman abin da kowa ke gudu.

Ya taɓa kwanciya rub da ciki a wata gonar dawa a Kekun Waje don ya ɗauki zanen bayan macijiyar nan kasa. A duwatsun Tsafe gamsheƙa ta fasa kai ta feso masa dafi, Allah ya sa gilashin kyamara ya tare. Da ya dawo yana nuna wa matarsa Dibora hoton, bakinsa har kunne, ko kallo ba ta yi ba.

"Baban Gloria," ta ce, "wata rana kyamarar nan ita kaɗai za a kawo mini."

Ya yi dariya. Shi dai in ya kafa ido a kyamara tsoro ba ya zuwa masa, sai mamakin yadda aka ƙera halitta.

Wani rani aka ba shi labarin wani tsohon kada a gulbin Bungudu, inda ruwa ya janye ya bar gurbi mai zurfi. Ya je da hantsi, ya same shi kwance kan yashi a tsallake, baki buɗe, bayansa kamar busasshen kututture. Gideon ya durƙusa a bakin ruwa cike da murna. A daidai wurin rana ke dukan kadan yadda yake so, saboda haka washegari ya rufe shago ya dawo, lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Ya sake dawowa rana ta uku.

Ranar ce wani makiyayi mai suna Lawali, wanda ke shayar da shanunsa can sama, ya gangaro ya yi masa sallama.

"Malam mai hoto, yau kwana ukku ina ganin ka wanga wuri. Mu ba mu kawo shanu mashaya guda kwana ukku jere. Kada shina ƙirga kwana."

"Ai ga shi can nesa, Malam Lawali. Kafin ya sauko na kai babur."

Lawali ya dube shi, ya dubi ruwan, ya ce, "Allah shi kiyaye."

Rana ta huɗu Gideon ya zo, ya ajiye jakarsa a laka, ya ɗora gwiwa a kai. Tsohon kadan ya ɗaga kai yadda ya daɗe yana fata. Yatsansa na kan maɓalli ke nan sai ya ji an fizge shi ta wuyan riga, ya faɗi da baya a jikin Lawali, wanda ya bar shanunsa ya lallaɓo tun da ya ji ƙarar babur.

Ruwan da ke gabansa ya tsage. Wani kada dabam ya fito rabin jiki, haƙoransa suka haɗu da wata ƙara kamar an buga ƙofar ƙarfe, ya cafke jakar ya koma da ita. Kafin Gideon ya ja numfashi ruwan ya kwanta lumui, har wani tsuntsu ya sauka yana sha. Ko hotonsa ɗaya bai ɗauka ba. Lawali na ta salati, shi kuwa ya zuba wa ruwan ido. Bai taɓa ganin ƙarfi da sauri irin wannan ba, kuma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne har a lokacin yana jin abin ya yi masa kyau.

Da la'asar ya zauna a shago ya buɗe hotunan kwanakin baya a kwamfuta. Yana da ɗabi'ar gidan biki, kafin ya jawo fuskar amarya yakan fara ɗaukar wurin gaba ɗaya, haka kuma ya yi wa gulbin kowace safiya. A hoton ranar farko, can tsakiyar ruwa, ya ga wasu ƙululu biyu da ya ɗauka icce ne. Ya ƙara musu girma, sai ga idanu. A na rana ta biyu sun ci rabin tafiya. A na uku suna gefen inuwar kansa, suna kallon cikin kyamarar kai tsaye.

Dibora ta shigo da abinci ta tsaya a bayansa. Ta daɗe tana duban allon.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Ni."

"Kana ina?"

Ya ɗora yatsa a ƙasan hoton, inda inuwar ta ƙare. Ta ajiye kwanon, ta kama hannun ta riƙe da nata biyu, ba ta saki ba har abincin ya huce.