Makinar Fatsar da Bakina Ya Kyautar

Na manta abubuwa da yawa a duniya, shekarun 'ya'yana ma sai na tambayi uwarsu. Amma ranar da bakina ya yi kyauta ba da izinina ba, wannan kam tana nan a raina har a rufe ni.

Ni direban bas ne a tashar Kudai, nan cikin Makka. Na tsufa a kan sitiyari, gwiwa ta gaji, baya ya gaji. Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne gyaran makinar fatsa, wato ɗan injin nan da ake ɗaurawa a jikin sandar kamun kifi yana naɗe zare. Na san abin dariya ne. Makka ba kogi, ba tafki, duwatsu ne da zafi. Amma asalinmu Yawuri ne, ubana masunci ne kafin ya taho da mu, ruwa bai fita daga jinina ba, duk da ko tarwaɗa ban taɓa kamawa ba.

In na samu hutu sai in gangara Jidda, kasuwar haraj inda ake sayar da tsofaffin kaya, in tsinto waɗanda gishirin teku ya cinye. In kwance su, in jiƙa a kananzir, in wanke haƙoran da tsohon buroshin goge baki, in sa giris, in mayar. Maiɗakina Hajiya kullum maganarta ɗaya: “Gida cike da kayan su, amma kifi sai na firizar kanti.” Kuma gaskiya ta faɗa.

A cikinsu akwai wata ta tagulla, mai nauyi, da na samo a sandare ko motsi ba ta yi. Ta kusa cinye mini shekara. Haƙorinta ɗaya ya karye, sai da na yi ta sintiri wajen masu yankan ƙarfe kafin aka fitar mini da irinsa. Da ta tashi, in ka juya mariƙin sai ka ji tik-tik-tik, kamar agogon kirki. Na kwashe kofunan shayin Hajiya daga kabad ɗin gilashi na ajiye ta a ciki. Mun yi kwanaki ba ma magana da juna saboda wannan.

To a nan garin akwai wata al'ada da muka ɗauka wajen Larabawa. In baƙo ya yaba wani abu naka, sai ka ce masa, “Ɗauka, naka ne.” Shi kuma ya ce, “A'a, a hannunka ya fi kyau.” Shi ke nan, kowa ya fita kunya, abu na nan inda yake. Na faɗi haka a kan agogo, a kan darduma, har a kan mota, ba wanda ya taɓa miƙo hannu.

Sai wata shekara, lokacin da wayoyin shafawa suka fara yawa, taubashina ya zo aikin Hajji. Ɗan ƙanwar babana ne, masunci na gaske, tafin hannunsa kamar fatar kada. Tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa. Bayan an sauko daga Arfa na ɗauko shi ya ci abincin rana a gidana. Yana shiga falo ya tsaya gaban kabad.

“Kai bawa, mi ne ne wannan?”

Na fito da ita ina ta cika baki. Ya juya mariƙin, ya kara a kunne, ya lumshe ido. Ya ce, “Wallahi ban taɓa ganin mai kyau irin wagga ba.”

Ban yi tunani ba. Baki ne ya saba. Na ce, “Ɗauka, taka ce.”

Ya ce, “Madalla! Allah shi saka da alheri.” Ya naɗe ta a rawaninsa, ya jefa a jakar alhazai, ya zauna ya ja tiren shinkafa gabansa.

Na tsaya ina jiran sauran maganar. Babu saura. Daga kicin na ji Hajiya na tari, irin tarin da ba na mura ba.

Ta yaya zan ce ya dawo da ita? Baƙon Allah ne, ɗan'uwa ne, kuma a Makka na ba shi, da bakina. Sai na koma dabara. Na bi shi masaukinsu a Jarwal, na ce ya fito da ita in ƙara gani. Na yi ta yabonta, ina jiran ko zai ce in ɗauka. Ya ce, “Ai kam tana da kyau, wanda ya ba ni ma ya san abu.” Na kai masa wata sabuwa fil mai walƙiya, na ce wannan ta fi sauƙin ɗauka. Ya karɓa ya haɗa da ta farkon, ya ce yaronsa zai ji daɗi. Na ce a filin jirgi ƙwace irin wannan ƙarfen suke yi. Ya ce, “To in sun ƙwace rabonsu ne.”

Ranar da za su tashi, ana loda jakunkuna a mota, na kasa daurewa. Na ja shi gefe na ce, “Ka ji, a garin nan in an ce maka ɗauka, ba ɗauka ake yi ba.”

Ya dube ni, dariya na cinsa. Ya ce, “Na sani. Matarka ta gaya mini tun ran nan, tana cewa don Allah kada in maido. Kai ka zama Balarabe, ni ban zama ba. Garinmu in an ba ka, amsa akai.” Sannan ya dafa jakar ya ce, “Kuma tausayinta nike ji. Ka kulle ta cikin gilashi, ko ruwan alwala ba ta gani.”

Motar ta tashi. Na dawo gida na tarar kofunan shayi sun koma mazauninsu.

Bayan wasu watanni ya turo mini bidiyo. Yana cikin kwalekwale, sanda ta lanƙwashe, makinata tana wani irin kuka da ban taɓa ji ba, zare na fita da gudu. Ni tik-tik kawai na sani, ashe tana da babbar murya. Can suka jawo giwan ruwa, ya ɗaga kansa ya ce, “Bawa, ga aikinka!” Ba zan faɗi sau nawa na kalla ba. Na nuna wa direbobin Kudai har suka fara guduna.

Da Hajji ta zagayo, wata tsohuwa daga garinmu ta neme ni da ƙunshi. Na buɗe, sai ga makinata, yashi ya cika ta, mariƙi ya goce, tagullar duk ta kurje, ga kifi banda a gefe. Saƙonsa a waya gajere ne: “A gyara kafin jirginsu ya tashi.”

Hajiya ta ce, “To ga ta ta dawo, sai ka riƙe abinka.” Na juya ta a hannu ina kallon inda babban yatsansa ya cinye tagullar. Na gyara ta tsaf, na mayar wa tsohuwar. Tun daga nan kusan kowace shekara sai ta zo da alhazai, a yi mata wanka, ta koma. Ta fi mai ita yawan Hajji. A shekarun nan ne kawai muke cin kifin da ba na firiza ba, kuma Hajiya ba ta fasa tuna mini ba.

Abin da na koya biyu ne. Abin da aka yi don ruwa, a bar shi ya shiga ruwa. Na biyun ya fi amfani: kada ka bari bakinka ya ba da abin da zuciyarka ba ta saki ba. Yanzu duk wanda ya shigo ya yaba mini makina, ko Balarabe ne, sai in ce, “Allah ya ba ka irinta,” in mayar da kabad in kulle.