Ruwan Shuka da Albashin Masaƙa

Kafin mijina ya tafi Kano aikin masaƙa, a injin niƙan Alhaji yake aiki, a bakin kasuwar ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa. Malam nake ce masa, kuma da haka zan kira shi a nan. Shi ke tayar da inji, shi ke zuba hatsi, shi ke ɗinke bel in ya tsinke. Yakan dawo gida fari fat har gira, sai na kakkaɓe shi a ƙofar ɗaki kafin in bari ya zauna mini a tabarma.

Ladansa kuwa ba shi da ƙa'ida. Ranar kasuwa da yamma Alhaji zai sa hannu a aljihu, abin da ya fito shi ke nan, ya ce, "Ga wannan, a sayi gishiri." Wani mako da ɗan auki, wani mako ko kananzir ba zai saya ba. Ba a tambaya, ba a dubawa a gabansa, sai dai a durƙusa a yi godiya. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum da iyali, a ce bai san abin da zai samu ba sai ya buɗe tafin hannunsa a hanya? Kuma aikin bai tsaya a inji ba. In katangar Alhaji ta faɗi, Malam ne. In za a kai taki gonarsa, Malam ne.

Amma akwai abubuwan da ba ta aljihu suke zuwa ba. Niƙanmu kyauta ne. Dusar da aka share a ƙarƙashin inji mu ke kwashewa, da ita na yi kiwon awaki. Abincin rana daga gidan Alhaji ake kawo masa. Da sallah akwai atamfata, akwai yadinsa. Da na haifi 'yarmu ta fari, daga turken Alhaji aka kwanto ragon suna. Uwa uba, ranar da ruwan shuka ya sauka, Alhaji da kansa yake sa wa inji kwaɗo, kowa ya nufi gonarsa, mata mu koma turmi. Ba mai neman izini, ba mai ba da shi. A lokacin ban ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan a bakin lada ba. Na ɗauka haka duniya take.

Wata shekara bayan kaka, wani daga cikin danginsa da ke aiki a masaƙa ya samo masa gurbi. Da aka faɗa mana albashin, sai da na sa aka maimaita, don na wata guda ya kai abin da Alhaji ke ba shi tun daga kaka har bazara. Malam ya je sallama. Alhaji bai hana shi ba, ya dai ce, "Allah ya ba da sa'a. Amma ka sani, can ba su san babanka ba."

Albashin farko a ambulan ya zo da shi, da sunansa a jiki. Wallahi na yi murna, kuma sunan nan ya fi kuɗin faranta mini rai. Ga rana tsayayya, ga abu sananne, ba durƙuso. In ya wuce lokacin tashi a biya shi na wannan daban, abin da ya riƙa ba shi dariya. In ya yi zazzaɓi akwai asibitin kamfani. Gaskiya ne a can komai saye ne, ɗaki da ruwa da tuwo, ni ma a nan na fara biyan kuɗin niƙa kamar kowa. Duk da haka albashin ya fi, nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya ce miki ba haka ba ne bai taɓa riƙe ambulan ba. Ɗakinmu na ƙasa ne, yana yoyo duk damina, don haka muka fara tara kwanon rufi kaɗan-kaɗan muna jinginewa a zaure. Kullum na wuce sai na shafa shi.

Shekarun nan ne da komai ya tsuke, ana layin sabulu da shinkafa a birni, kamfanoni suna rage ma'aikata. Malam ya sha gaya mini cewa kowace safiya akwai magidanta tsaitsaye a ƙofar masaƙa suna jiran a ce ana neman mutum. Muka riƙa tausaya musu. Daga ni har shi ba wanda ya gane cewa gurbinsa suke jira.

Damina ta yi jinkiri a shekarar. Wata safiya yana hanyar zuwa aiki, ya bi ta tasha, sai ya hangi motar garinmu da laka a tayoyinta. Ya tambayi direba, direba ya ce, "Jiya an kwana ana yi, ƙasa ta sha." Malam ya tari wani abokin aikinsa ya ce, "Ka gaya wa heluma an yi ruwa a gida." Heluma shi ne mai kula da ma'aikatan sashensu. Daga nan ya faɗa mota da kayan aikin a jikinsa.

Wajen azahar na gan shi ya shigo, ko ruwa bai sha ba ya jawo sungumi daga bayan rumbu. Na ce, "Malam, ka nemi izini kuwa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ya nemi izinin yin salla. Ya ce, "Izinin me? Ruwa fa aka yi."

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce wauta ce. Amma babansa ya rasu, ba shi da wa ba shi da ƙane, kuma ranar shuka ba a samun ɗan ƙwadago ko nawa za ka biya, kowa na gonarsa. Danshi ba ya jiran mutum. Gonakinmu kuma a matse suke, iyaka da iyaka, in taka ta zauna ba shuka a tsakiyar na mutane, duk mai wucewa ya san gidan da aka gaza. Ya yi ta sara, tsohuwarsa na biye tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Ya gama gonar da ke kusa da gida, ya koma ta nesa. Sai da ya kusa mako sannan ya koma Kano, da ƙwan zabi a ƙwarya, tsarabar heluma.

A bakin ƙofa maigadi ya tare shi, ya ce an cire katinsa na shiga aiki. Aka kira heluma ya fito. Ya ce, "Haba Malam, ina ka shiga? Doka ce, wanda ya ɗauke ƙafa ba izini an sallame shi. Wani ma na kan injinka."

Malam ya ce, "Ruwa fa aka yi."

Heluma ya ce, "Na sani, ni ma ɗan ƙauye ne. Amma masaƙa ba ta san damina ba."

Malam bai karaya ba, don a saninsa ba laifin da ban haƙuri ba ya gyarawa. Ya dawo gida ya ɗauki baffansa, dattijo mai furfura, aka sa babbar riga aka naɗa rawani, suka tafi su ba mai kamfani haƙuri. Suka tambayi gidansa, don su same shi a zaure. Wani akawu ya ce musu kamfanin ba na mutum ɗaya ba ne, masu shi suna da yawa, wasu ma ba a ƙasar suke ba. Baffa ya ce, "To, wa ake gaisarwa?" Suka zauna a gindin bishiya har la'asar, ba wanda ya kore su, ba wanda ya kira su. Ragowar haƙƙinsa an ba shi a ambulan, ko kwabo ba su ci masa ba. Ƙwan zabin kuwa tun ranar farko maigadi ya samu.

Ruwan nan kuma daga shi sama ta ɗauke. Shuka ta fito kore shar, ta yi kwanaki, ta ƙone a tsaye. Aka sake shuka, abin da aka girbe bai rufe gindin rumbu ba. Ba tsuntsu ba tarko. Na yi fushi da Malam, na yi fushi da kamfani, na rasa wanda zan fi jin haushi. Ranar da aka ɗora kwanon rufinmu a saman mota za a kai kasuwar Ɗanbatta a sayo dawa, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Da abin ya yi tsanani Malam ya je gaida Alhaji. Alhaji ya riga ya ɗauki wani, injin ma ba kullum yake tashi ba, mai ya yi wuya, hatsin niƙa ya yi ƙaranci. Sai da ya bar shi a tsugune ya gama hirarsa, sannan ya ce, "A'a, manyan ma'aikata! Yaushe a gari?" Malam ya faɗi abin da ke tafe da shi. Can Alhaji ya ce, "Ba ni da abin ba ka. Amma ka riƙa zuwa, abin da aka share a raba." Dusar nan da nake zuba wa awaki, ita na riƙa tankaɗewa ina haɗawa da garin dawa ina tuƙa mana tuwo. Ita ta kai mu wata kakar, ba wanda muka binne.

Na sha juya wannan al'amari a raina. Alhaji bai taɓa biyan Malam abin da guminsa ya kai ba, kuma har gobe ina faɗa. Kamfani ya biya shi cif, amma awoyinsa kawai ya saya, bai san yana da gona ba, bai san yana da uwa ba. Na so a ce akwai wurin da ake samun ambulan kuma a san babanka. Ni dai ban gan shi ba.

Malam ya ƙare rayuwarsa a injin nan, kuma har ya koma ga Allah bai yarda ya yi laifi ba. Ɗakin sai bayan rasuwarsa ɗanmu ya rufa mini shi da kwano, shi bai taɓa kwana a ƙarƙashinsa ba. Duk shekara in ruwan farko ya fara dukan kwanon nan, nakan ajiye abin da ke hannuna. Sai in ji kamar yanzu zai shigo ya jawo sungumi, in tambaye shi, ya ce mini, "Ruwa fa aka yi."