Hannun Da Aka Sa Wa Babana A Ƙirji

Ko zan mance da komai a rayuwata, ba na jin zan mance da Lahadin da aka yi wa ɗana na fari baftisma. Yaron ya shiga sakandare yanzu, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci sabo.

Lokacin ina koyarwa a Gwandu, cocinmu na Katolika kuwa yana Kalgo, duk Lahadi sai mun shiga mota. Babana manomi ne a ƙasar Zuru, mai bin gargajiya. Tun da na shiga Katolika ya ɗauke mini wuta, ko bikin aurena bai zo ba. Haihuwar jikan nan ce ta sassauto shi, har ya aiko cewa zai zo ya ga abin da za a yi wa yaron. Burina ɗaya ne a ranar: ya fito daga cocin nan da sanyin zuciya, mu koma uba da 'ya.

A bakin ƙofa muka tarar da dattijon da ke zaunar da mutane, da jar ɗamararsa a kafaɗa, yana ji da kansa kamar shi ya gina wurin. Da yake masu jarirai a gaba ake ajiye su, na durƙusa na ce masa, "Baba, ga mahaifina, bai taɓa shiga coci ba. Don Allah a haɗa shi da wanda zai riƙa yi mashi bayani." Ko kallona bai yi ba ya ce, "Ɗiyata, wanga aiki tun ba a haife ki ba nike yi nai." Ya nuna wa Babana wani benci da sanda, ya juya abinsa.

Baba ya yi iya ƙoƙarinsa. In na waiga sai in ga an tashi ya tashi, an durƙusa ya durƙusa, duk da ciwon gwiwarsa. Da lokacin karɓar Jikin Almasihu ya yi, wato tsarkakakkiyar gurasar da ake ba masu ibada su ci, mutanen bencinsa suka miƙe suka shiga layi, shi ma ya bi su. A garinmu in an ajiye akushi kowa ya sa hannu kai ka noƙe, ka raina mai gida ke nan. Shi a wurinsa girmama mu yake yi.

Saura mutum biyu ya isa gaban Fada, limamin cocin, sai dattijon nan ya sha gabansa, ya dafa masa hannu a ƙirji, ya ce da ƙarfi, "Kai, tsoho, ba naka ba ne. Koma." Masu waƙa suka rage murya. Wasu yara suka ƙyalƙyale. Baba ya dubi hannun, ya dubi mai hannun, ya juya ya ratsa layin nan a hankali har bencinsa.

Ban ce a ba shi ba, na san ƙa'idar addinina: ɗan Katolika kaɗai ke karɓa. Amma me zai hana a raɗa masa tun yana zaune? Kalma biyu ta isa. Mutumin da ko almuru ya yi ba ya buɗe kwano sai ya leƙa waje ko akwai mai wucewa, shi aka kora daga abinci a gaban jama'a. Ina riƙe da jariri, ina kallon komai daga gaba.

Abin bai tsaya nan ba. A al'adar cocin, sai an kusa tashi ake marabtar baƙi. Katikis, mai taimaka wa Fada, ya ɗauki lasifika ya ce duk wanda yau ne zuwansa na farko ya miƙe a yi masa tafi. Matan zumunta suka ɗauki ganga. Wa zan gani? Dattijon nan dai, yana washe baki, yana nuna Baba da sanda: "Ga baƙonmu nan. Tashi, Baba, gidanku ne."

Baba bai motsa ba. Ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Gidan da anka hana ni ci, mi zan yi da tahi nai?"

Bayan an tashi na sami dattijon a gindin dalbejiya, na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa sa'an ubana ba. Amsarsa kawai ita ce doka ya bi. Fada ya zo da kansa ya ba Baba haƙuri, ya yi masa bayani da kyau, amma ihu ne bayan hari. A gida Baba ya ɗauki jikansa ya sa masa albarka, ya ƙi taɓa shinkafar da na kwana ina shiryawa, ya nemi motar Zuru. Har ya rasu muna gaisawa, amma bai sake cin abinci a gidana ba.

Abin da na koya shi ne, baƙo ba ya sanin dokar gida sai an gaya masa, kuma a bakin ƙofa ake gaya masa, cikin mutunci. Wanda ka bari ya ji kunya a gidanka, kada ka wahalar da kanka da yi masa waƙar maraba.