Ranar Da Lemon Abarbata Ya Tarbi Dada

Fam! Murfin gorar ya bugi silin, kumfa ta wanke mayafin surukata Dada, wadda isowarta ke nan daga garin Uba.

Bawon abarba na jiƙa da citta da sukari, na toshe a gora don ya yi gas da kansa. Ƙa'ida ita ce a sassauta murfin kowace safiya iska ta fita. Ni kuwa kwana uku ina cikin wani littafi, ina taya jarumar kuka, na manta shaf.

Dada ta shinshina mayafinta, ta ƙura mini ido.

"Amarya, burkutu kike dafawa a gidan ɗana?"

Na durƙusa. "Wallahi lemo ne, Dada."

"Zubo in ji."

Ta yi bismillah ta kurɓa, ta lumshe ido, ta saki gyatsa.

"Ni dai ban san ɗanɗanon giya ba, amma wannan bai yi kama da zunubi ba. Ƙaro in tabbatar."

Kofi uku ta sha tana bincike, sauran kuma ta ce da shi za ta koma gida.

'Yan uwa, an wanke ni ke nan, ko har yanzu shari'ata tana gaba?