Ragon Baba da Jiƙon Zogale

Da Baba ya yi ritaya daga aikin gwamnati, gidanmu na Gyadi-Gyadi ya yi tsit. Masu sallama da sassafe da masu "wucewa muka zo yi" duk suka ɗauke ƙafa. Ashe kujerar suke gaisarwa. Inna ta riga mu gidan gaskiya, ni ina aure a Tarauni, ƙanena yana jami'a. Abin da ya rage wa Baba shi ne rediyonsa da wani rago Balami da ya raina tun yana ƙarami.

Ragon nan ne ya dawo masa da mutane. Fari ne tas, dogo, ga jin kai kamar shi ya gina gidan. Tunkiyar maƙwabta ta haifi tagwaye masu kama da shi, shi ke nan labari ya bazu. Daga Babban Giji har Daurawa ake jawo tumaki a kawo barbara. Baba ba ya karɓar ko sisi. Mai tunkiya dai zai zo da kwanon dusa, ya bar ta ta kwana biyu, a zauna a soro a sha shayi a taɓa siyasa. In ta haihu ya dawo da albishir, a sake ɗora shayi. Har ƙiba Baba ya yi a shekarun nan.

Sai wani abokinsa mai sayar da hatsi ya aiko masa da waken da ƙwari suka fara ci, kyauta, ya ce a ba rago. Ashe an zuba wa waken maganin ƙwari a ajiya. Har gobe ban san ko mutumin ya sani ba, kuma har gobe ba na amsa gaisuwarsa da daɗin rai. Rago ya kwanta, yana kumfa yana zawo. Likitan dabbobi ya yi ta allura har ya miƙe. Muka yi hamdala, muna zaton an wuce wurin.

Ya murmure, ya koma aikinsa. Amma tumakin da aka kawo sai su koma gida ba su ɗauka ba, a sake dawo da su. Ta farko aka ce tsufa ne, ta biyu aka ce ƙiba ta yi mata yawa. Ko a dabbobi ma mace ake fara ɗora wa laifi. Da abin ya yi yawa, kowa ya gane inda matsalar take, sai dai ba mai iya faɗa a gaban Baba.

A lokacin ƙanena yana binciken kammala karatu. Ɓeraye maza suke ba ruwan zogale da citta, su ba su guba, sannan su duba ko haihuwarsu ta tsira. Na sha yi masa tsiya, ina cewa an tura shi ya zama mutum ya ƙare a renon ɓera. Ranar na ajiye tsiya na kira shi, na zayyana masa komai. Sai ya ce:

"Yaya, mu kafin gubar muke ba su. Kariya ce. Bayan ɓarna ta auku, gaskiya ban sani ba. Kuma ɓera ba rago ba ne."

Na zazzaga masa masifa na kashe waya.

Duk da haka na fara. In na tashi daga makarantar da nake koyarwa sai in hau adaidaita zuwa gida, in daka ɗanyen zogale da citta, in jiƙa, in tace a kwalba. Baba ya riƙe ƙaho, ni in yi ɗura. Bai taɓa faɗin abin da muke magani ba, ni ma ban taɓa ba. Ina 'ya za ta buɗe baki ta yi wa mahaifinta wannan zance? Maganin ƙarfin jiki yake kiransa. Ragon kuwa ya yi ɓulɓul, gashinsa yana sheƙi, ya fi dā kyau. Wannan ya fi komai ci mini rai, don duk wanda ya gan shi sai ya rantse lafiyarsa ƙalau.

Mutane suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsu ba, amma na ji haushinsu. Na taɓa ganin wani dattijo da ya fi kowa shan shayinmu ya jawo tunkiyarsa ta tsallaken titi, yana kallon gabansa. Baba ya gan shi, ya ɗaga masa hannu. Kullum da safe yana share soro, ya shimfiɗa tabarma, ya cika fulas. In na zo da yamma sai in tarar da fulas ɗin a cike, in zubar da shayin a ɓoye.

Akwai tunkiya guda da Baba ya saya don kada irin ragon ya ɓace. Ita ma duk bayan 'yan makonni sai ta tashi da kukan nema. Wata Asabar na iso da kwalbata, na tarar da Baba a bakin ƙofa cikin babbar riga. Igiyar tunkiyar tana hannunsa na dama, kwanon dusa a na hagu.

"An ce akwai wani rago a Unguwar Gano," ya ce, bai dube ni ba.

Na ce bari in raka shi, ya girgiza kai. Na ɗaga masa kwalbar. Daga cikin gida ragon yana ta kuka a turke, yana fizgar igiya.

"Ki ba shi kayansa," in ji Baba. "Ya saba."

Ya gyara riƙon kwanon, ya ja tunkiyar suka tsallaka titi.