Yaya Sani da Bawan da Aka Yanke wa Inuwa

Shekara tara ke nan da rasuwar wana, Malam Sani, wanda ya koyar da Hausa a wata sakandare nan Bagudo. Ni ce ƙanwar da ke bi masa. Kowace shekara addu'a nake masa in yi shiru, amma bana shirun ya gagare ni.

Ɗalibansa ba su san shi da bulala ba, da labari suka san shi. In darasi ya ƙare sai ya ɗauko musu wani labari da ya ƙirƙira, na wani birnin aljanu a ƙarƙashin kogin Kwara. A birnin nan, duk wanda aka bautar sai a yanke masa inuwa a ɗaure ta a gidan ubangijinsa, ko an 'yanta shi ba a mayar masa. Wani bawa saurayi ya kamu da son ɗiyar sarkin ruwa, ita ma tana son shi, alhali dokar birnin ta ce marar inuwa ba ya auren mai inuwa. 'Yan mata kan yi ta sharar hawaye a aji, shi kuwa yana dariya yana cewa, "Kai, ku bari mana, aljani ne fa!"

Yaran ba su san inda ya samo labarin ba. Ni na sani. Yana saurayi ya nemi wata yarinya a garin Sharabi, magana ta yi nisa, sai danginta suka tura wani dattijo ya haye iyakar Benin binciken asalinmu. Ya dawo da labarin cewa kakar kakarmu da igiya aka shigo da ita ƙasar nan. Shi ke nan, aka maido masa kayansa. Ba sata muka yi ba, ba mu da abin kunya, amma Yaya bai sake neman aure ba har ya koma ga Allah.

Da zai leƙo yau, wallahi da ya sha mamaki. Irin labarinsa ya cika wayoyin yara: bayi, aljanu, 'ya'yan sarakuna, soyayyar da aka hana. Kowa yana bayan bawa, kowa yana tsine wa sarki. Zai ce an waye. Ni ma haka na zata.

Ɗiyata Rabi, wadda ta tashi a cinyarsa tana jin labarin nan, wani yaro ɗan garin Geza ya fito neman ta. Yaro mai hankali, suna son juna ƙwarai. Watan jiya muka ji danginsa sun sa an goya wani tsoho a babur an nufi iyaka da shi. Nan take na san abin da zai ɗebo.

Da tsohon ya dawo, uwar yaron ce ta zo da kanta. Ashe ɗalibar Yaya ce! Ta zauna ta kawo mini labarin bawan nan tiryan-tiryan. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Innar Rabi, ki yi haƙuri. Ni ban ƙi ba, amma kin san mazan gidanmu." Na ce mata, "To, Allah shi sa haka shi ne alheri." Baƙin ciki ya hana ni raka ta ko bakin ƙofa.

In na auna abin da Yaya ya bari, ban ce ya yi aikin banza ba. Ya koya wa mutane tausayi, har yau suna da shi. Sai dai tausayin a cikin labari ya tsaya, bai iso zauren gidanmu ba. Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya sa ka huta.

Rabi ta rame, ba ta son magana. Jiya na ajiye mata tuwo, ta ɗaga kai ta ce, "Inna, in na haifi ɗiya, ita ma sai an haye iyaka a kanta?"

Na ce mata ta ci tuwonta kada ya huce.