Zanen da Ƙofar Ɗakin Hadda Ta Bari

A bakin kakarmu na fara jin sunan Mai Makulli, ranar da ƙanwata ta kai ƙarar abin da ba ta gani da idonta ba. Kaka ta ja mata kunne, ta ce ta bi a hankali kada ta zama Mai Makulli. Sai da na girma na gane Goggo ake nufi, yayar babanmu.

Shekara goma sha tara Goggo ta yi tana shara a wata makarantar hadda ta 'yan mata, makullan ajujuwa ɗaure a haɓar zaninta. Dokar makarantar ɗaya ce ba a wasa da ita: in malami namiji yana sauraren ɗaliba ita kaɗai, ƙofa a buɗe take. Ƙofar ɗakin hadda kuwa ta sauka, tana jan ƙasa. In aka tura ta za a rufe, sai ta bar zane a ƙurar siminti kamar jinjirin wata. Goggo takan share ɗakin da azahar, ta dawo kullewa bayan la'asar.

Wata Talata ta dawo ta tarar da zanen. Ba ita ta yi shi ba. Talata ta zagayo, ga shi kuma. Ranar Talata ce malamin hadda yake tsayar da 'yar tela, yarinya mai in'ina, ta sake biya karatunta bayan an tashi.

Abin ya dami Goggo, don mutumin kirki ta san shi. Shi ne mai tsokanarta kullum cewa tsintsiyarta ta fi bulalarsa kwarjini, ita kuma ta ce ya ɗage ƙafa ko ta haɗa da shi. Mako uku tana share zanen da hannunta tana istigfari. In ta yi magana, ta iya kashe sunan mai iyali a banza. In ta yi shiru, yarinyar fa? A Talata ta huɗu ta ga 'yar tela ta fito idanunta jawur, ta wuce ko gaisuwa babu. Goggo ta share zanen, ta jingine tsintsiya, ta nufi ofishin shugabar makaranta.

Aka kira malamin. Bai yi musu ba. Ya ce yakan tura ƙofar rabi, saboda 'yan ajin suna laɓewa a baranda suna kwaikwayon in'inar yarinyar har ta kasa buɗe baki. Aka kira yarinyar, ta sunkuyar da kai, hawaye kawai take zubarwa. Shugabar ta juyo wajen Goggo.

“Yaya, tsakaninki da Allah, kin ga ƙofar a rufe?”

“Zanen na gani.”

“Rabi ne, ko har ƙarshe?”

Sau huɗu Goggo ta ga zanen, sau huɗu ta share shi, ba ta taɓa tsayawa ta duba inda ya ƙare ba. Malamin ya dube ta ya ce a hankali, “Iya, ki tuna da kyau.” Ta rufe ido, ta laluba, ta rasa.

Kafin ƙarshen wata malamin ya ajiye aiki, ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Tela ya cire 'yarsa, saura mata izu shida ta sauke. Wasu iyaye suka zo har gida suna sa wa Goggo albarka, wasu malaman suka daina amsa sallamarta. Wani kafinta ya zo ya feƙe ƙasan ƙofar, ta daina jan ƙasa.

Bayan shekaru Goggo ta haɗu da 'yar tela a layin asibiti, da goyo a bayanta. Matar ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi mutanen gida, aka kira lambarta ta shige. Goggo ta dawo tana juya gaisuwar nan, ba ta samu komai a cikinta ba.

Da ta ji ina rubuta labarin 'yan gidanmu, ta sa aka kira ni. Ina zaune a bakin katifarta ta kama wuyan hannuna.

“'Yar ƙanena, in kin zo kaina, kada ki wanke ni, kada ki wanke malamin. Ki rubuta zane na gani a ƙasa, kuma ban auna shi ba. Ko kalma ɗaya kada ki ƙara mini.”